Yadda Za Mu Shafa wa Jita Fenti

'Yan'uwa, jitar da muka yi da hannunmu ba ta kammala ba sai an shafe ta. Katako tsirara yakan sha laima da damina ya kumbura, da hunturu kuma ya tsage.

Da fari mu cire tsirkiya, mu goge katakon da samfefa, mu share ƙura. Sa'an nan mu shafa fenti kaɗan-kaɗan, sau 2 ko 3, kowane shafi ya kwana ya bushe a inuwa. Katakon fuska shi ke girgiza ya ba da murya. Fenti mai kauri yakan danne shi, muryar ta dushe. Inda yatsu ke dannawa kada fenti ya hau. Bayan mako guda, sai mu ɗaura tsirkiya.