RUWA MAI HASKE BA LALLE NE YA ZAMA MAI LAFIYA BA

Ƴan uwa manoma da masu garka na ƙasar Mirriya, idan an haƙa sabuwar rijiya mukan ɗebi ruwan mu duba. In ya yi garau kuma babu wari, sai mu ce ya yi. Amma akwai abubuwan da ido ba ya gani, harshe kuma ba ya ji.

Abin da ya faru a Tibiri

A garin Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse a shekarar 1985. Ruwan yana da haske, mutane suka yi murna. Bayan wasu shekaru sai haƙoran yara suka fara yin ja. Ƙafafun wasu suka lanƙwashe. Ɗaruruwan yara suka naƙasa. Da aka auna ruwan, sai aka tarar da wani sinadari mai suna fulor ya yi masa yawa. Fulor yana fitowa ne daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, mai yawa kuwa yana ɓata ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 a cikin lita guda. Na Tibiri ya ninka haka fiye da sau uku.

Masu ƙera na'urar awon ruwa

A da, awon ruwa aikin manyan masana ne a cikin birane. A shekarar 1947, wani masanin sinadarai mai suna Clifford Hach da matarsa Kathryn suka kafa ƙaramin kamfani a garin Ames, a ƙasar Amurka. Suka sa masa suna Hach. Manufarsu ita ce sauƙaƙa awon, yadda mai kula da famfon ƙaramin gari zai iya yin sa da kansa. Abin da suka fara sayarwa shi ne kayan gwajin ruwan nan da ke hana sabulu kumfa. Mijin yana haɗa magunguna, matar tana neman kasuwa. Takan aika wa masu kula da ruwan garuruwa takardu ta gidan waya, har ma takan tuƙa ƙaramin jirgin sama ta je wurinsu. A 1978 kamfanin ya koma garin Loveland. A 1999 wani babban kamfani mai suna Danaher ya saye shi, kuma tun 2023 yana ƙarƙashin kamfanin Veralto. Yau ana aiki da kayansa a ƙasashe da yawa.

Yaya na'urar ke aiki?

Ma'aikaci zai zuba ruwa kaɗan a cikin ƴar kwalba. Sai ya ƙara masa magani, na gari ko na ruwa. Launin ruwan zai sauya. Daga nan ya sa kwalbar cikin na'ura. Na'urar tana haska ruwan, ta auna ƙarfin launin, ta rubuta lamba. Kowane sinadari da nasa maganin. Awon ƙwayoyin cuta kuwa daban ne, domin sai an ajiye ruwan a wuri mai ɗumi ya kwana.

Sau ɗaya ake sayen na'ura, amma magani yana ƙarewa, kuma yana lalacewa idan ya daɗe. Da sayar da shi ne irin waɗannan kamfanoni ke samun ciniki kullum. Don haka awo yana cin kuɗi, ko da na'urar kyauta aka ba da ita.

Me ya shafe mu a Mirriya?

A garakenmu ruwa yana kusa, kuma muna zuba taki. Takin zamani da kashin dabbobi da masai suna iya tsiyaya cikin rijiya, su ƙara mata wani sinadari mai suna nitarat. Idan ya wuce miligiram 50 a lita, yana cutar da jarirai, har leɓunansu su yi shuɗi.

Tafasa ruwa da sa masa jabel suna kashe ƙwayoyin cuta. Amma ba su cire fulor, ba su cire nitarat. Tafasawa ma tana ƙara musu ƙarfi, domin ruwa ne ke tashi ya bar su.

Abin da ya kamata mu yi

1. Kada a fara shan ruwan sabuwar rijiya sai ma'aikatan ruwa sun auna shi.
2. Kwamitin ruwa ya nemi takardar awon, ya karanta wa jama'a, ya adana ta.
3. A riƙa ware wani abu daga kuɗin famfo domin sake awo.
4. A nisanta masai da turken dabbobi da buhunan taki daga bakin rijiya.
5. Idan haƙoran yara da yawa a unguwa ɗaya suka fara ja, a kai su likita, a kuma sanar da ma'aikatar ruwa ta Damagaram.

Mu da muka shiga yaƙi da jahilci, yanzu muna iya karanta lambobin nan biyu, 1,5 da 50. Mu riƙe su, mu tambaya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.