Littattafan Tarihin Addini da Amfaninsu ga Mai Nazarin Hausa: Misali daga Sifawa da Boɗinga

Wanda ya fita daga birnin Sakkwato ya kama hanyar Tambuwal da Jega, ba zai daɗe ba zai iso Boɗinga, Sifawa kuwa tana nan dab da ita. In ya ƙara gaba ya bar Yabo a gefe, sai ya shiga Shagari. Ƙasa ce ta gero da dawa da kiwo, wadda kafin Jihadi ta ke ƙarƙashin ikon Kabi. Amma cikin shekaru biyar, daga wajen 1810 zuwa 1815, da wuya a sami wani wuri a ƙasar Hausa da alƙalami ya yi aiki kamar nan. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan ya taso daga Gwandu, yana karantarwa yana wallafa littattafai, har ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya yi gida. Cikin waɗannan shekaru aka sami Ta'alimul Ikhwan na Shehu da Tazyinul Waraƙat na Abdullahi, duka a 1813, da Infaƙul Maisuri wanda Muhammadu Bello ya gama a 1812.

An saba karanta waɗannan littattafai domin sanin hukunci ko labarin yaƙe-yaƙe. Akwai wani amfani nasu da ba a cika kulawa da shi ba, watau suna cikin shaidu mafi tsufa da a ke da su a rubuce game da addinin da Hausawa su ke yi kafin Musulunci ya kafu, da kuma abin da ya saura daga cikinsa bayan an musulunta. Masu tsafi ba su rubuta littafi ba. Abin da su ka sani a ka ya ke, daga uba zuwa ɗa, daga uwar girka zuwa 'yar girka. Saboda haka wanda ya fara sa al'amarinsu a takarda shi ne wanda ya tashi domin ya hana shi.

Cikin Nurul Albabi Shehu ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku: Musulmi na sosai, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba, da masu garwayawa, waɗanda su ke salla da azumi amma ba su saki al'adun kakanni ba. A kan wannan kashi na uku gardama ta fi tsanani, don haka a kansu a ka fi yin bayani. Malami ba ya iya cewa abu kaza ya saɓa wa addini sai ya faɗi ko mene ne abin. Ta haka mai karatu ya ke jin cewa ana girmama waɗansu itatuwa da duwatsu, ana yi musu yanka, ana zuwa wurin masu duba, har sarakuna ma da hannunsu a ciki. Tarihin Kano ya ƙarfafa wannan, gama ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, da kuma Dirki, watau Alƙur'ani da a ka naɗe cikin fatu ana yi masa yanka, har zamanin Sarki Alwali, na ƙarshe cikin sarakunan Haɓe na Kano, a ka fasa shi.

Abin da ya fi ƙima cikin Infaƙul Maisuri ta wannan fuska shi ne Bello ya sa wasiƙun abokin gardamarsa, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno, bai ɓoye hujjarsa ba. Al-Kanemi bai musa cewa ana yin waɗannan al'adu ba. Abin da ya ce shi ne saɓo ne da jahilci, ba su kai a kafirta mai yinsu ba, ya kuma kawo misali da garin Dimyaɗ na ƙasar Masar, inda ya ce talakawa su na yi wa wata itaciya irin haka alhali gari ne na malamai. To, in abokan gardama biyu sun saɓa a kan hukunci amma sun haɗu a kan cewa abin yana faruwa, mai nazarin tarihi ya sami shaida mai ƙarfi ke nan.

Sai dai shaidar tana da iyaka, wajibi ne kuwa a san iyakar. Malamin da ya ke wa'azi ba ruwansa da sunan iskar da a ke yi wa yanka, ko launin akuyar, ko abin da mai yankan ya ke fata a zuciyarsa. Ya ga aikin daga waje, ya auna shi da ma'aunin fiƙihu, ya wuce. Wani lokaci ma lafazin da ya yi amfani da shi ba daga idonsa ya fito ba, daga littattafan magabata ne, musamman amsoshin da al-Magili ya ba Askiya Muhammadu na Songhai tun shekaru 300 kafin nan. Ɗalibin da bai san wannan ba sai ya ɗauki siffar ƙasar Songhai ya ɗora wa Gobir.

A nan ne littattafan da a ka rubuta game da waɗansu al'ummai su ke da amfani, ko da ya ke da farko mutum zai ce ina ruwan Bahaushe da su. Keltawa, watau kakannin mutanen Ailan da Welis da wani sashe na Faransa, su ma malaman addininsu na dā ba su rubuta iliminsu ba. Yuliyus Kaisar, wanda ya ci ƙasarsu ta Gal da yaƙi kimanin shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya ba da labarin cewa haddace shi su ke yi, har wani ya kan shekara 20 yana koyo. Ga maƙiyi ke nan ya zama mai ba da shaida. Daga baya, da Ailan ta shiga addinin Kirista, malaman zaman kaɗaici su ne su ka rubuta labarun jarumai da allolin kakanninsu. Cikin wani babban kundi na ƙarni na 12, wanda a ke kira Littafin Leinster, magatakardan da ya kwafi labarin yaƙin satar wani bijimi ya ƙara 'yan layuka da Latin a ƙarshe, yana nuna shi dai bai gaskata abin da ya kwafa ba, wani ruɗin shaiɗanu ne, wani ƙagen mawaƙa. Duk da haka ya kwafa, da bai kwafa ba kuwa da labarin bai iso cikakke kamar yadda ya iso ba. Masanan Turai sun shekara fiye da 100 su na koyon yadda za a rarrabe tsohon zance da ƙarin mai kwafi a cikin irin waɗannan kundaye, ta hanyar duban tsufan kalmomi da gwama kwafi da kwafi. Wannan sana'a ita ce abin aro, ba allolin Keltawa ba.

Tarihinsu yana da gargaɗi kuma. Tsakanin 1760 da 1763 wani mutumin Sikotlan, James Macpherson, ya buga waƙoƙi ya ce fassarar wani tsohon mawaƙi ne mai suna Ossian. Turai duka ta ɗauka, daga baya a ka gane yawancinsu shi ya tsara abinsa. Har yanzu kasuwa cike ta ke da littattafan da su ke sayar da hikimar Keltawa wadda ba ta da asali sai a kan marubucin. Littafin da bai faɗi wurin wa ya ji, a wane gari, a wace shekara ba, labarin mai shi ya ke bayarwa.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna abin da Turawa su ka rubuta a kan bori. Manjo Tremearne ya buga babban littafi a 1914, cike da sunayen iskoki da kirarinsu, amma da yawa daga abin da ke ciki wurin Hausawan Tunis da Tarabulus ya samo shi, waɗanda akasarinsu bauta ta kai su can, su ka daɗe cikin Larabawa. Littafin taska ne, sai dai ba a ɗauke shi hoton borin Gobir ko na Kabi ba. Joseph Greenberg ya fi shi natsuwa. Ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, littafinsa ya fito a 1946, kuma da ya ke masanin harshe ne, ya lura da abin da wani zai tsallake. Ya nuna Maguzawa sun san Allah shi ne Maɗaukaki, amma iskoki su ke yi wa yanka, kowace da irin dabbarta. Sun kuma kasa su farare da baƙaƙe, farare Musulmi mazauna gari, baƙaƙe na daji. Watau Musulunci ya riga ya shiga cikin tsarin tun kafin mai nazari ya iso. Cikin iskokin bori akwai Malam Alhaji, mai tasbaha da tari irin na tsofaffin malamai, akwai Ɗan Galadima ɗan sarki mai kyauta, kuma tun wajen 1925 a ƙasar Nijar a ka sami iskoki masu kamannin sojan Turawa. Wanda ya ke neman addinin Hausawa na asali tsantsa a cikin bori, wanda babu abin da ya taɓa shi, ba zai same shi ba.

Akwai wata kalma da ta yawaita a littattafan zamani, ita ce shaman. Asalinta daga harshen Ebenki ne na ƙasar Saiberiya. Mircea Eliade, mutumin Romaniya, shi ya yayata ta da littafinsa na 1951, wanda ya tattara daga rahotannin matafiya ba tare da ya zauna cikin mutanen ba. Bisa ga bayaninsa, shaman shi ne wanda ruhinsa ya ke fita daga jikinsa ya tafi sama ko ƙarƙashin ƙasa ya komo da magani. Waɗansu marubuta su kan liƙa wa ɗan bori wannan suna, alhali harshen Hausa da kansa ya ƙi. Ɗan bori doki ne, 'yar bori goɗiya, iska ita ce mahayi. Ana cewa ta hau, ana cewa ta sauka, saukar kuwa da atishawa a ke gane ta. Dokin ba ya zuwa ko'ina, Jangare, birnin iskoki, daga can a ke zo masa. Amfanin littafin Eliade ga ɗalibin Hausa shi ne ya sa shi ya ga wannan bambanci, wanda in ba don gwamawa ba zai ɗauka haka abin ya ke ko'ina a duniya.

Ga mai nazarin harshe ribar ta fi kusa. Kalmar iska tana nufin wadda ta ke kaɗawa, tana kuma nufin wadda ta ke hawa, aljani kuwa baƙo ne daga Larabci da ya zo ya zauna kusa da ita. Yaron da a ka ce masa ɗan iska a yau bai san zagin yana da tushe a nan ba, haka wanda a ka ce yana borin kunya. Kalmar da Kano ta ke cewa arna, a yamma a kan ji anna ko azna. Sunan Maguzawa ma masana da yawa sun danganta shi da majusu na Larabci, watau suna ne da malamai su ka raɗa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana ɗauke da irin waɗannan kalmomi da dama, amma ƙamus ma'ana ya ke bayarwa a taƙaice, sai an haɗa da littafin tarihin addini kalmar ta ke tashi tsaye. Har littattafan Jihadi na Larabci su na taimakawa ta nan: cikin Kitabul Farƙi Shehu ya kawo sunayen haraji na sarakunan Haɓe da Hausa, kamar jangali da kurɗin gari da kurɗin salla, ga kurɗi nan da lafazinsa na yamma.

Aikin da a ka fara a Sifawa ya sami masu ci gaba da shi daga wannan yanki. Alhaji Shehu Shagari, wanda a ka haifa a Shagari a 1925, malamin makaranta ne kafin siyasa ta ɗauke shi. A 1978, shekara guda kafin ya zama Shugaban Ƙasa, shi da Jean Boyd su ka fitar da ɗan littafi da Ingilishi a kan shugabancin Shehu Usmanu. Ita Jean Boyd ta ci gaba da bin sawun Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864), ta buga tarihinta a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack su ka tattara rubuce-rubucenta a 1997. A cikin wannan bincike akwai misalin da ya fi kowane nuna abin da a ke magana a kai.

Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, inda matan ƙauyuka su ke zuwa ɗaukar karatu ƙarƙashin jagorancin wata dattijuwa da a ke kira jaji. Alamar jaji ita ce malfa da jan rawani, Nana ce ta ke naɗa mata. Wanda ya karanta littattafan Jihadi kaɗai zai ɗauka malfar ta rana ce. Amma a Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta wadda ta ke shugabar masu bori, sarautar da ta bi Gobirawa har Tsibiri bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, kuma malfa tana cikin kayan sarautarta. Bisa ga fahimtar Boyd da Mack, da gangan Nana ta ɗauki alamar da matan Gobir su ka saba yi wa biyayya ta ɗora a kan malama, domin yawancin matan da ta ke son jawowa daga cikin bori su ka fito. Haka kuma littafinta na 1839, Tabshirul Ikhwan, wanda ya ke bayanin neman waraka da surorin Alƙur'ani, sun karanta shi a matsayin amsa ga matan da ciwo ko rashin haihuwa ya ke kai su gidan girka.