.sd ko .com: Wanne ya dace da sabon kamfani a Sudan?

Matashin da zai buɗe wa sana'arsa shafin intanet a Khartum ko Omdurman sai ya zaɓi wutsiyar adireshinsa, wato haruffan da ke biyo bayan ɗigo. Zaɓin ya danganta da inda masu saye suke.

Wutsiyar .sd ta Sudan ce, kamar yadda .ne take ta Nijar, .ng ta Najeriya, .td kuma ta Chadi. Tana nuna wa mai saye cewa kamfanin na gida ne. Sai dai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya taɓa harkar sadarwa, har intanet ta ɗauke a yawancin ƙasar a Fabrairun 2024. Don haka ya kamata ɗan kasuwa ya tambayi mai rajista inda na'urorinsa suke.

Ita kuwa .com kamfanin Verisign na Amurka ke kula da ita, kuma ko'ina an san ta. Ta fi dacewa da mai sayar da karkashi ko turare ga 'yan uwa a Kano, Damagaram ko Jidda. Matsalarta biyan kuɗi: galibi sai da katin banki mai aiki a waje, duk da cewa Amurka ta ɗage takunkumin kasuwanci a Oktoban 2017. Akwai kuma .africa, wadda aka buɗe a 2017.

Mai hali ya yi rajistar .sd da .com duka, da sunansa, ba da sunan mai haɗa masa shafi ba. Ya riƙa sabuntawa a kan lokaci, domin idan wa'adi ya wuce, wani na iya saye sunan.