Kukan Jariri Da Magariba Ba Maita Ba Ce

A Kwandiko da sauran ƙauyukan Gwaram, da wuya a sami gidan da bai taɓa kwana da wannan kuka ba. Ga jariri a ƙoshe, yana shan mama sosai, amma da magariba ta yi sai ya dunƙule hannu, ya naɗe ƙafafu, ya yi ta tsala kuka. Nan da nan sai mu ce nonon uwar ne ya ɓaci, ko mu ɗora wa wata tsohuwa maita.

'Yan'uwa, likitoci sun daɗe da sanin wannan murɗar ciki. A 1954 wani likitan yara na Amurka, Morris Wessel, ya ba da ma'auninta: kukan da ya wuce awa 3 a rana, kwana 3 a mako, har mako 3, alhali kuwa yaron lafiyarsa lau. Takan fara wajen mako 2 da haihuwa, ta tsananta a mako na 6, ta wuce da kanta a wata na 3 ko na 4.

Abubuwan da masana ke zato su ne: hanjin da bai gama ƙwari ba; iskar da jariri ke haɗiya in bai kama mama da kyau ba; hayaƙin taba a ɗaki; sai kuma wasu yara ƙalilan da cikinsu ba ya jituwa da madarar shanu, ko da uwar ce ta sha.

Abin tsoro shi ne maganin da muke yi. Ɗauri da jiƙo kan jawo zawo. Zuma haɗari ce ga yaron da bai cika shekara ba. Cire beli kan sa zubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi.

Saboda haka, bayan shan mama a ɗora shi a kafaɗa har ya yi gyatsa, a goya shi, a lallashe shi. Kada a girgiza shi cikin fushi, gama ƙwaƙwalwarsa na iya lahanta. Maigida, karɓe shi uwar ta runtsa.

Amma in akwai zazzaɓi, koren amai, jini a kashi, kumburin ciki ko ƙin shan mama, kada a jira gari ya waye. A kai shi asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu.