Tsatsa a ƙarƙashin Fijo 504: aikin da baƙin fenti ba ya rufewa

Duk wanda ya leƙa garejin makanikai a Apo da ke Abuja, ko ya zaga Panteka a Kaduna, da wuya ya rasa Fijo 504 guda da aka ɗora a kan duwatsu, ƙura ta rufe gilasanta. Wasu sun kwanta ke nan har abada. Wasu kuwa 'ya'yan masu su ne suka dawo da su, suna son ganin motar mahaifinsu ta sake hawa titi.

Motar ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969. Kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya ci gaba da haɗa ta har 2006, shekaru da dama bayan Turai ta daina. Tun daga nan kayanta na asali suke ƙara wuya, kuma wannan ne ya sa farfaɗo da ita ya zama aikin taka-tsantsan. Abin da aka lalata yau, sai an yi yawon kasuwa kafin a sami madadinsa, galibi shi ma tsoho.

Mai mota yakan fara da maganar launin jiki da kujeru. Gogaggen makanike kuwa ƙasa yake shiga, inda giyabos da farfela da aksil na baya suke, wato kayan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi. A 504, farfelar tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗa giyabos da gidan haƙoran baya, abin da ya taimaka mata jure hanyoyin karkara. Motar da ta yi rayuwarta a Legas ko Fatakwal, inda iska ke ɗauke da danshi da gishirin teku, takan fi ta Kano ko Sakkwato cin tsatsa nesa ba kusa ba.

Matakin farko wanki ne da kananzir ko gas, domin tsohon giris da laka sukan ɓoye ainihin ɓarnar. A nan ne wasu ke tafka kuskuren da ba ya gyaruwa: jiƙa komai a ruwan sodar sabulu. Soda tana narkar da maiƙo a jikin baƙin ƙarfe, amma tana cin alminiyam, kuma gidan giyabos ɗin 504 na alminiyam ne.

Tsatsar sama buroshin ƙarfe da samfefa sun ishe ta. Wadda ta shige lungu sai an jiƙa ƙarfen a ruwa mai tsami, kamar binega, na yini ɗaya ko biyu. Sai dai ƙarfen da ya fito daga tsami tsirara yake. Idan ba a ɗauraye shi an busar nan take ba, kafin la'asar ya sake yin ja, musamman da damina. Da hunturu iska takan busar da shi da sauri, amma ita ce kuma ke liƙa ƙura a ɗanyen fenti.

Akwai masu feshin yashi da injin iska. Aikin yana sauri, ƙarfe ya fito fes, sai dai ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a boris ta isa ta cinye shi cikin 'yan watanni. Don haka ba a fesa wa aksil yashi sai an kwance shi gaba ɗaya, an kuma toshe kowace kafa. Ƙurar yashin ma tana taruwa a huhun mai feshin, ta jawo cutar da ba ta warkewa, ga shi yaran gareji kan yi aikin da ƙyalle kawai a hanci.

Cikin gidan haƙoran baya ya fi ko'ina buƙatar natsuwa. Babban haƙori da ƙaramin da ke juya shi tare aka daidaita su tun daga masana'anta, ba a musanya ɗaya a bar ɗaya. Siraran wasoshin da ke saita tazararsu kuwa dole kowanne ya koma gurbinsa. Wanda ya zuba su a kwano ɗaya ya gauraya, zai ji sakamakon a hanya: wani kuka daga baya da ke ƙaruwa da gudu.

Bayan duk wannan ne fenti ke zuwa: jan fentin kariya a ƙasa, baƙi a sama. Ba a shafa shi inda robar tare mai take zama, ko inda ƙarfe biyu ke haɗuwa, ko a 'yar kafar da aksil ke shaƙar iska. Idan ta toshe, zafi zai tura man giya ya ɓullo ta gefe.

Masu sayar da tsofaffin motoci sun san hanyar da ta fi wannan sauƙi: a wanke ƙasan mota, a fesa baƙin fenti a kan tsatsar, ta yi ƙyalli ranar ciniki. Shi ya sa masu saye da suka san kan abin suke zuwa da sukundireba a aljihu. Su durƙusa, su kankare bututun farfela kaɗan, su ga ko farin ƙarfe ne zai bayyana ko jan gari ne zai zubo.