Takamar Doki Tun Yana Dukushi Ake Gina Ta

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ya san cewa kwarjinin doki ba a kayan adonsa kaɗai yake ba. Abin da ke fara jan ido shi ne takamarsa da sassarfarsa, da yadda yake zamiya gaban Sarki bayan sukuwa. A shekarar 2024 Hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. To, amma Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wannan tafiya tun doki yana dukushi ake samunta ko a rasa ta.

Goɗiya takan yi kimanin wata 11 da ciki. Lafiyayyen dukushi yakan miƙe tsaye cikin sa'a guda da haihuwarsa, ya kama nono cikin sa'a biyu. Da farko yakan ware ƙafafu yana tangaɗi, takunsa gajere, amma kafin a kwana a tashi ya fara gwada sassarfa da sukuwa a gefen uwarsa. Sau da yawa akan haife shi da saki a jijiyoyin ƙafa, ko 'yar karkata a gwiwa. Galibi wannan yakan gyaru da kansa cikin makonnin farko, muddin yana samun filin wasa daidai ƙarfinsa. Dukushin da aka tsare a barga dare da rana ba ya samun ƙarfin ƙashi da na jijiya kamar wanda yake bin uwarsa kiwo.

Babban abin tsoro a watan farko shi ne ciwon kumburin gaɓa. Shi dukushi ana haihuwarsa ba shi da garkuwar jiki, domin mahaifar goɗiya ba ta ba shi ita tun yana ciki. Daga dakashi yake samunta, wato nonon farko. Hanjinsa ya fi karɓar wannan garkuwa cikin sa'a 12 na farko, bayan sa'a 24 kuwa ƙofa ta rufe. Idan bai sha isasshe ba, ƙwayoyin cuta sukan shiga ta ɗanyar cibiya, ko ta hanji, ko ta huhu, su bi jini su yada zango a gwiwa ko a gaɓar da ke saman kofato.

Alamun ciwon ba su ɓuya. Gaɓa takan kumbura ta yi zafi, dukushi ya kama ɗingishi, ya yawaita kwanciya, ya rage shan nono. Wani lokaci zafin jikinsa yakan haura digiri 39. A nan ne masu dawaki da yawa suke yin kuskure, su ce ai uwar ce ta taka shi, su shafa man zafi su jira. Alhali kuwa cikin 'yan kwanaki mugunya takan cinye guringuntsin da ke hana ƙasusuwa gugar juna, shi kuwa in ya lalace ba ya komawa yadda yake. Saboda haka likitocin dabbobi suke ɗaukar ɗingishin jaririn dukushi a matsayin wannan ciwo har sai bincike ya nuna wani abu dabam. Maganinsa shi ne a wanke cikin gaɓar, a kuma yi allurar kashe ƙwayoyin cuta. Wanda aka makara da shi, in bai mutu ba, yakan tashi da sandararriyar ƙafa, ba ya hawa, ba ya kuɗi a kasuwa.

Bayan yaye kuma akwai wata illa da ke fitowa daga kwanon abinci. Idan aka ɗura wa dukushi dawa da gero don ya yi saurin girma, jiki yakan riga ƙashi, guringuntsin gaɓa ya kasa ƙosawa, har wani ɓangarensa ya ɓalle. Ita kuwa dusa, in ta yi yawa, takan hana jiki cin moriyar sinadarin kalsiyam, ƙashi ya yi laushi. Harawar wake da ta gyaɗa suna taimakawa wajen cike wannan giɓi. Bugu da ƙari, ƙashin da ke saman gwiwa ba ya gama girma sai doki ya kai shekara biyu zuwa biyu da rabi, na gadon baya kuwa sai wajen shekara biyar. Mai gaggawar ɗora sirdi kansa yake yi wa asara.

Rigakafin dai ba mai tsada ba ne. A share wurin haihuwa a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a tsoma cibiya cikin ruwan aidin da aka sirka, a tabbata dukushi ya sha dakashi da wuri, a kuma riƙa shafa gaɓoɓinsa safe da yamma. Da zarar an ji zafi ko an ga ɗingishi, sai a nemi likitan dabbobi a ranar, kada a bari sai gobe.