Tazarcen Tandja: Darasi Ga Masu Zaɓe A Kankiya Da Kusada

Ranar 4 ga Agusta, 2009, aka yi zaɓen raba gardama a Nijar kan sabon tsarin mulkin da zai ƙara wa Shugaba Mamadou Tandja shekara uku, ya kuma cire iyakar wa'adi. Hukumar zaɓe ta ce fiye da kashi 92 cikin ɗari sun amince. Ranar 18 ga Fabrairu, 2010, sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kama shi a fadarsa ana tsakiyar taron ministoci. Ga mutanen Kankiya da Kusada, da suka bi labarin a rediyo a teburin mai shayi, wannan lamarin gida ne, domin Katsina da Maraɗi jini ɗaya ne.

Abu biyu ne suka raba kan jama'a. Tandja na da masoya na gaske, musamman a karkara. Hujjar 'yan tazarce ita ce a bar shi ya ƙarasa ayyukan da ya fara: madatsar ruwan Kandadji, matatar mai ta Damagaram da mahaƙar yuraniyam ta Imouraren. Sai dai hanyar da ya bi ta ɓata hujjar. Ya rushe majalisar dokoki a watan Mayun 2009. Da kotun tsarin mulki ta ce zaɓen ya saɓa doka, ita ma ya rushe ta a watan Yuni. 'Yan adawa suka ƙaurace, don haka akwatin ya ƙirga ɓangare ɗaya ne kawai.

Ba a daɗe ba aka ga sakamako. Ƙungiyar ECOWAS, wadda ɗan Katsina Umaru Musa 'Yar'aduwa ke shugabanta a lokacin, ta dakatar da Nijar a watan Oktoba. Sulhun da Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta ya cije. Da aka rasa alƙalin da kowa ya yarda da shi, bariki ya yanke hukunci, dubban mutane kuma suka fito titunan Yamai suna murna. Ranar 31 ga Oktoba, 2010, jama'a suka amince da wani tsarin mulkin da ya dawo da wa'adi biyu na shekara biyar-biyar. Duk da haka, har rasuwarsa a 2020, talakawa da yawa ba su daina kiransa Baba Tandja ba. Sun so mutumin da aikinsa, amma son bai iya maye gurbin doka ba.

A Najeriya, majalisar dattawa ce ta binne tazarcen Obasanjo ranar 16 ga Mayu, 2006, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba, saboda an bar majalisar da ranta.

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi raba gardama ne wajen ƙirƙiro jiha ko ƙaramar hukuma da yi wa ɗan majalisa kiranye, amma kiraye-kirayen a faɗaɗa shi ba su tsaya ba. Kankiya, Kusada da Ingawa wakili ɗaya suke turawa majalisar wakilai. Idan maganar ta zo gabansa, su tambaye shi: wa zai tsara tambayar, wa zai ƙirga ƙuri'a, kuma wace kotu ce za ta iya ce wa shugaba a'a? Muddin waɗanda suka sha kaye ba su yarda da amsoshin nan ba, ƙuri'ar za ta ƙara hura gardamar ne maimakon ta raba ta.